Haƙorin Noti: Nazarin Wata Sana'a a Ƙasar Bakolori

Kowane makaniki a Talata Mafara ya san noti mai yaudarar ido. Girmansa ɗaya da sukurun, a murɗa sau biyu ya tafi, a na uku ya cije. Mai gaggawa sai ya danne da sifana, haƙori ya cinye, a kira mai walda. Gwani kuwa ajiye sifanar yake yi, domin ya gane ba ƙasa ɗaya ta ƙera su ba.

Abin yana da asali. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila ma'aunin haƙori mai kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers ya kawo wa Amurka nasa mai digiri 60. Sauran Turai ma 60 suka bi, amma da milimita suke awo, ba da inci ba. Sukuru mai kaurin rabin inci, na Ingila haƙora 12 gare shi a kowane inci, na Amurka 13. Irin wannan bambanci ya wahalar da sojojin ƙasashen biyu a Yaƙin Duniya na Biyu, har sai da suka zauna da Kanada bayan yaƙin suka amince da ma'auni guda. A da, masana'antar makamai ta Enfield a Ingila ma tana da nata haƙoran daban. Shi ya sa mai farfaɗo da tsohon makami domin gidan tarihi, kamar ƙafafun nan uku da ake girka bindiga mai ruwa a kansu, irin Maxim da Turawa suka zo da ita Sakkwato a 1903, yakan tarar da sukurun da babu shi a kasuwa, dole ya yanka da kansa.

Manomin Bakura ba ruwansa da gidan tarihi, amma matsalarsa ita ce wannan. Kafin a gina madatsar Bakolori, ƙarfen Ingila ne ya cika ƙasar: injin niƙa Lister, Land Rover, da keke Raleigh, wanda kamfaninsa ya riƙe haƙora 26 a inci a gurbin da sauran masu keke ke yanka 24. Sai kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, da nufin shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun, ya shigo da injunan milimita. Daga baya famfunan ban ruwa da baburan Sin suka biyo. Bututun ruwa kuwa har yau mafi yawansa haƙorin Whitworth ne. Duk a kan teburin mutum ɗaya suke haɗuwa, wato mai injin sassaƙa ƙarfe.

A ganina aikinsa ya fi kusa da karatu fiye da ƙira. Kafin ya taɓa inji sai ya ƙirga haƙoran tsohon sukurun, ya auna kauri, ya duba ko na dama ne ko na hagu, kamar fedar hagu ta keke. Sannan ya wasa bakin wuƙarsa daidai da kusurwar, ya jera giyoyin da za su daidaita juyin ƙarfe da tafiyar wuƙa. In injinsa na inci ne, aikin kuma na milimita, sai ya nemi giya mai haƙora 127, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato 127 a raba gida biyar. Yanka kuma ba a tashi ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ne, yana gwada notin da hannu. Wanda ya iya wannan ya iya lissafi, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Raunin sana'ar shi ne ilimin yana kan maigida, ba ya kan takarda, yaro kuma yakan buɗe shago kafin ya kwashe shi. Mai kaya shi ma yana da laifi, don walda ta fi araha yau. Amma abin da aka liƙe da wuta ba ya kwantuwa gobe, sai a fasa. Ɓangaren ban ruwa na feshi a Bakolori ya daɗe da mutuwa. Dalilansa da yawa, sai dai kowa ya ga yadda inji ke zama kangon ƙarfe idan babu mai yi masa ƙaramin gyara a kusa.

Shirin gyaran ban ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya kashe kuɗi wajen gyara hanyoyin ruwan. Ƙofofin da aka gyara ma za su ci haƙori wata rana. Ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara: ku jawo waɗannan gwanaye, ku rubuta ma'aunin haƙoran da Hausa, ku raba wa yaransu.