Sana'ar tambayar gwamnati

A shekarar 1992 wata ƙungiya mai zaman kanta a birnin Washington, National Security Archive, ta rubuta wa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana neman wani kundi. Kundin bai fito ba sai a watan Yunin 2007. Shekara goma sha biyar ana jira, ana tuni, ba a janye takardar ba.

Abin da ya fito ya cancanci jiran. Shafi ne kusan 700, waɗanda shugaban hukumar, James Schlesinger, ya sa aka tara a 1973, da ya umarci ma'aikatansa su kawo masa rahoton duk aikin da suke ganin ya wuce hurumin hukumar. A ciki akwai sauraron wayar 'yan jarida, da bibiyar wasunsu a titi, da buɗe wasiƙun jama'a masu zuwa Tarayyar Sobiyat da masu fitowa daga can, da haɗa baki da gungun masu laifi na Mafiya don kashe Fidel Castro. Masu iya fito da irin wannan takarda ta ƙofar doka, ba sata, ba fasa ofis, su nake sha'awa, domin aikinsu sana'a ce mai ƙa'ida kamar saƙa ko ɗori.

Makaminsu dokar 'yancin samun bayanai ce, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Dokar ta ba kowa damar neman takardun hukumomin tarayya, amma ta keɓe abubuwa tara da hukuma za ta iya hanawa, na farkonsu kuwa sirrin tsaron ƙasa. Ga kuma inda sabon shiga ke tuntuɓe: dokar ba ta tilasta wa hukuma ta amsa tambaya ba, takardar da ke ajiye kawai ta ce a bayar. Wanda ya rubuta cewa a gaya masa ko ana sauraron wayar mutane, a banza ya ɓata tawadarsa. Gwani kuwa sai ya shafe watanni yana tonon littattafan da tsofaffin jami'ai suka rubuta bayan ritaya da rahotannin zaman majalisa, har ya samo sunan takardar, da ofishin da ya rubuta ta, da watan da aka rubuta. Idan ya nema da wannan siffa, ma'aikaci ba shi da bakin cewa bai gane abin da ake nufi ba.

Sai takarda ta iso, rabinta an shafe da baƙar tawada. A nan ne gwaninta take. Kusa da kowane wurin da aka shafe akwai lambar sashen dokar da aka dogara da shi, gwani kuma yana karanta lambobin nan kamar yadda maharbi ke karanta sawu. Ya san doka ta ce dole a ware abin da ba sirri ba a bayar, ba a kulle shafi sukutum saboda layi biyu ba. Ya san tun shari'ar Robert Vaughn ta 1973, idan magana ta kai kotu, hukuma sai ta jera abin da ta hana ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa. Dabarar da ta fi burge ni ita ce neman takarda guda daga hukumomi biyu, ko daga hukuma ɗaya a lokuta daban. Masu shafewar mutane ne, hannunsu ba ɗaya ba. Abin da wannan ya rufe, wancan ya bari a buɗe. A jera kwafi biyu a kan tebur, sai magana ta haɗu, sai kuma a ga cewa wani abin da aka kira sirrin ƙasa abin kunyar wani babba ne kawai.

Akwai katangar da ta fi baƙar tawada tsawo. A 1974 CIA ta yi amfani da wani katafaren jirgin ruwa, Glomar Explorer, don ɗago jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Sobiyat da ya nutse a tekun Fasifik a 1968. Da 'yar jarida Harriet Phillippi ta nemi takardu a kan lamarin, sai hukumar ta ce ba za ta ce akwai su ba, ba kuma za ta ce babu ba. Kotu ta amince da irin wannan amsa, har yau kuma da sunan jirgin ake kiranta. Maganinta haƙuri ne da kunne. Da CIA ta ba ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU wannan amsa game da hare-haren jirage marasa matuƙi, lauyoyin suka tattaro kalaman da Shugaba Obama da manyan jami'ansa suka furta da bakinsu a bainar jama'a. A watan Maris na 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce bayan waɗannan kalamai, hukumar ba za ta ci gaba da fakewa a nan ba.

Gwanayen nan ba sa musun cewa akwai sirri na gaskiya. Sunan wanda ke kawo rahoto daga ƙasar abokan gaba, idan ya fita, ransa ne ya tafi. Abin da suka ƙi shi ne a ce "tsaro" a yi shiru ke nan, alhali umarnin shugaban ƙasar Amurka na 2009 kansa ya hana a mai da takarda sirri don ɓoye karya doka ko guje wa kunya. Mu ma a Nijeriya muna da irin dokar tun 2011, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ga kuma tsohuwar dokar sirrin gwamnati ta 1962 da ma'aikata suka taso a cikinta. Ina fatan matasan 'yan jaridarmu su koyi sana'ar da gaske.

Har takardar da aka riga aka saki, gwani yakan koma ya sake nema. Akwai wani tarihin cikin gida da CIA ta rubuta kan Iran, wanda aka taɓa saki da shafe-shafe masu yawa. Malcolm Byrne na waccan ƙungiya ta Washington ya samo kwafin da aka rage wa tawada, ya wallafa a watan Agustan 2013. A ciki hukumar ta rubuta da kanta cewa da jagorancinta aka kifar da gwamnatin Firayim Minista Mohammad Mosaddegh a 1953, shekara sittin cif kafin wallafar.