Ƙofa da Liƙi: Sana'ar Shirya Wasa Daga Filin Taura Zuwa Allon Waya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Taura ta jihar Jigawa ya san yadda gari yake sauyawa idan kaka ta yi. An yanke gero, an kakkaɓe riɗi, an kai buhuna kasuwar Gujungu, aljihu ya yi nauyi. A irin wannan lokaci ne za ka ji babur ɗauke da lasifika yana zagaya ƙauyuka, ana shelar cewa makaɗi wane zai sauka ranar kaza, ko kuwa za a buɗe dambe na mako guda. Kafin ranar an kewaye fili da zana ko ɗinkakkun buhuna, an bar ƙofa ɗaya tak, an ajiye benci da ƙarti biyu a bakinta. Mutumin da ya tsaya kan wannan hidima ba ya kiɗa, ba ya waƙa, kuma da an watse ba kasafai ake tuna sunansa ba. Shi ne mai shirya wasa. A kansa nake son in tsaya, domin sana'arsa ce wayar hannu ta fi girgizawa, fiye ma da ta mawaƙin kansa.

Babban jarinsa amana. Shi zai yi takakkiya zuwa Kano ko Haɗeja ya sami mawaƙi ko babban yaronsa, a yi ciniki, ya ajiye kuɗin kafin alƙalami da kuɗin mota. Ya dawo ya gai da dagaci, ya nemi yardar hakimi, ya sanar da 'yan sanda. Sannan hayar janareto da mai, da lasifika, da kujerun manyan baƙi, da masauki da abincin 'yan amshi waɗanda sukan haura goma. Duk wannan kafin kwabo ya shigo hannunsa. In hadari ya taso, ko aka yi rasuwa a babban gida aka ɗage wasa, ko mawaƙi ya karɓi kuɗi bai zo ba, asara tasa ce shi kaɗai, kuma shi samari za su tare da safe suna neman kuɗinsu. Taura na kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim ya isa Nguru a 1930, ga kuma titin mota da kasuwa mai tara jama'a, don haka ta daɗe tana kan hanyar masu yawon kiɗa.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne kuɗi iri biyu ne suke yawo a filin wasan Bahaushe, kuma asalinsu ba ɗaya ba ne. Akwai kuɗin ƙofa, akwai liƙi. Ƙofa baƙuwa ce a wurinmu. Kiɗan fada da na biki da na gayyar noma da kalankuwa ba su san tikiti ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su rayu da abin da aka tara a bakin zana ba, sun rayu da doki da riga da rawani, daga baya da mota da kujerar Makka, kuma a bainar jama'a ake bayarwa, sanƙira yana ɗaga murya yana faɗin wanda ya bayar da abin da ya bayar. Tikiti ya yaɗu ne tare da gidajen silima da kulob-kulob da gidajen dambe na birane. Farashinsa ɗaya ga kowa, kuma abin da yake saya maka shi ne damar ji da gani. Liƙi kuwa ba shi da farashi, gasa ce, kuma abin da yake saya maka shi ne a ambace ka, a ambaci mahaifinka da garinku, a yi maka kirari a gaban tsaranka. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya bar ɗimbin waƙoƙi da suka raya sunayen direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda da tuni an manta da su. Sun biya ne don sunansu ya shiga bakinsa.

Gwanin mai shirya wasa ya san wannan sarai. Shi ya sa yakan fara da rabon katin gayyata kafin ya buga tikiti. Yakan bi attajiran gari da 'yan siyasa da shugabannin direbobi ɗaya bayan ɗaya, domin in mawaƙi ya tabbata masu liƙi za su zo, yakan sassauta kuɗin ɗauko shi. Ƙofa ta mai shiri ce, tsakar fili ta makaɗi ce. Wannan rabo, wanda galibi da baki ake ƙulla shi, shi ya riƙe sana'ar shekara da shekaru.

Zana ta fara ɓulewa tun kafin zuwan intanet. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya kai muryar makaɗa bukkar da ba su taɓa takawa ba. Kaset ya biyo baya, har gurmin Haruna Uji na Haɗeja ya zama abokin tafiyar direbobi. Faifan CD ya zo ya wuce. Sai masu turi suka kafa tebur da kwamfuta a tashoshi da kasuwanni, kana ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika maka katin waya da waƙoƙi ɗari, mawaƙin bai san an yi ba. Ta haka kunne ya saba da cewa waƙa kyauta ce, in ma za a biya, dillali za a biya.

Akwai abu ɗaya da ya saɓa wa wannan, kuma ina ganin ba a ba shi kulawar da ta dace ba. Bayan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kamfanonin sadarwa sun fito da waƙar kira, wadda a lokacin ake cire wa mutum kamar naira hamsin a wata. Mutanen karkara da ba su taɓa sayen faifai na asali ba sun yarda ana cire musu. Me ya sa? Mai layin ba shi yake jin waƙar ba, wanda ya kira shi ne yake ji. Ya biya ne don wasu su ji zaɓinsa, su san ko shi mai bege ne, ko ɗan wata jam'iyya, ko mai shauƙin soyayya. Jikan liƙi ne a cikin waya.

A ƙasashen Turawa, waɗanda suka fara kai wasa intanet da tunanin ƙofa suka tafi. Tunanin ma ya girmi intanet, don tun 1890 wani kamfani a Faris yake sayar wa mutane damar sauraron wasannin dandamali ta wayar tarho. A Nuwamba 1994 ƙungiyar Rolling Stones ta watsa kamar minti ashirin na wasanta daga birnin Dalas na Amurka ta intanet, hoto na yankewa, murya na rawa. Cikin masu shirya wasa da suka rungumi abin da wuri akwai Michael Dorf, wanda ya buɗe gidan kiɗa na Knitting Factory a Niyok a 1987. A tsakiyar shekarun 1990 ya fara watsa wasannin gidan ta intanet, da fatan ɗaki mai cin 'yan ɗaruruwa ya sami masu kallo a duk duniya. Kuɗin da aka yi tsammani bai zo ba. Layukan tarho na lokacin ba sa iya ɗaukar hoto mai kyau, mutane na tsoron sa lambar katin banki a kwamfuta, ga manhajar Napster da ta ɓullo a 1999 ta koya wa matasa kwasar waƙa ba biya. Wasan Madonna na Landan a Nuwamba 2000, wanda aka ce mutum miliyan tara sun kalla, kyauta aka watsa shi. A farkon shekarun 2000 Dorf ya bar kamfanin da ya kafa, kuma da ya dawo a 2008 da City Winery, kujera da abinci da kiɗa ido-da-ido ya koma sayarwa. Sai da annobar korona ta rufe dandamali a 2020 sannan tikitin intanet ya tsaya da ƙafafunsa: a watan Yuni na shekarar, mutum dubu 756 suka biya suka kalli wasan ƙungiyar BTS ta Koriya ta Kudu.

Jigawa ba ta makara da intanet ba. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su farga ba. Amma intanet ɗin da ya isa hannun saurayin Taura ta wayar Tecno da sayen data ya iso, shekaru bayan haka. Kafin nan filin wasa ya riga ya ƙuntata. Tun ƙaddamar da shari'a a 2000 izinin wasan dare ya yi wuya a garuruwa da dama, kuɗin mai da na haya suka yi ta hawa, sannan kullen 2020 ya hana taro ɗungurungum.

Me mawaƙan Hausa suka yi a wannan shekara? Ba tikiti suka sayar ba. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye Arewa ta hanyar bidiyon da mutane suka riƙa ɗauka suna sakawa, kyauta. Shirin Izzar So ya tara jama'a a YouTube, kyauta, talla ce ke biya. Manhajojin Northflix da Kallo sun gwada kafa ƙofa ga finafinan Hausa, kuma ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, sai dai har yau taron yana wurin da ba a biya. Misalin da ya fi bayyana halinmu shi ne na Dauda Kahutu Rarara, wanda a 2020 ya nemi magoya bayan Shugaba Buhari su tura masa naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙa. Mutane suka tura, wasu suna saka shaidar turawar a Facebook don a gani. Kowa ya san in waƙar ta fito wanda bai ba da sisi ba ma zai ji ta. Ko mutum ya yarda da siyasar ko bai yarda ba, abin da aka yi ajo ne, irin wanda kakanninmu suke yi a ƙofar gida, an dai mayar da faranti lambar asusu.

Yau ga shi ana gani kullum a TikTok da Facebook da YouTube: mawaƙi ko mai barkwanci ya zauna kai-tsaye, kyaututtuka na tashi a allo, yana kiran sunan wanda ya aiko daga Jidda ko Legas ko Agadas. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa taransfa, kuma dokar Babban Banki ta 2007 da ta hana liƙa naira, mai hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar dubu hamsin, hukumar EFCC ta tsananta aiki da ita tun 2024. Duk waɗannan suna tura liƙi cikin waya. Akwai alheri a ciki. Matar aure da ba za ta je filin dare ba tana iya kallo daga ɗakinta, ɗan ci-rani yana iya yi wa makaɗin garinsu kyauta daga nesa.

Damuwata ita ce wa ya gaji kujerar mai shirya wasa. Kamfanin da ke wata nahiya ne yanzu yake riƙe da fili da ƙofa da lasifika. YouTube na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na kyautar da aka aika lokacin kai-tsaye, da kashi 45 na kuɗin talla, kuma ba ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya dubu da awa dubu huɗu na kallo. Mai shirin Taura yana cin riba, amma yana ɗaukar asara, yana ciyar da 'yan amshi, kuma in wasa ya ɓaci akwai dattijon da zai kira shi ya yi masa faɗa. Manhaja ba ta da wannan nauyi. Abin da ya riƙe ido shi take turawa gaba, shi ya sa zagi da tsiraici suke saurin tara kyauta fiye da gwanin kalangu da ya shekara talatin yana sana'a. Wannan gwanin, da mai gurmi, da mai kiɗan noma, da matan da ke kiɗan ƙwarya a bukukuwa irin wanda Barmani Choge ta ɗaukaka, yawancinsu ba su da babbar waya, ba su da asusun da zai karɓi dala. Mutumin da ya san gidajensu, wanda suka yarda da shi, shi ne mai shirya wasa, kuma shi ne aka bari a baya.

Ba na ganin tikitin mutum ɗaya waya ɗaya zai yi tasiri a Taura nan kusa. Data ta yi tsada, sabis na ɗaukewa, wuta ba tabbas. Amma akwai ƙofar da mutanenmu suka riga suka yarda da ita, wato gidan kallon ƙwallo, inda samari ke biya su zauna tare su kalli wasan da ake bugawa a Ingila. Wasan da aka shirya a Dutse ko Ringim, da izinin hukuma da kyamara mai kyau, ana iya haska shi a irin waɗannan gidaje a Taura da Gujungu da Majiya a dare guda, ƙofa ta biya mai gida da mai shiri, liƙi ya tafi asusun makaɗi kai-tsaye, sanƙira ya karanta sunan mai bayarwa da garinsu kamar yadda aka saba.

Ina kira ga masu shirya wasa na ƙasar Ringim da su haɗa kai da samarin da suka iya kyamara da tace bidiyo, su kuma riƙa rubuta yarjejeniya da makaɗi kan wanda ya mallaki hoton da yadda za a raba abin da ya shigo. Hukumar da ke kula da tarihi da al'adu ta Jigawa kuma ta fara da naɗar tsofaffin makaɗan ƙauyukan Taura tun suna da rai, ta biya su haƙƙinsu a hannu.