Orson Welles: ganga ta Afirka, suna na yaro

Duk wanda ya karanta tarihin Orson Welles labari guda ake ba shi: yaro mai baiwa da ya yi komi shi kaɗai. An haife shi 1915 a Kenosha, Amurka. Uwarsa ta rasu 1924, ubansa 1930. Yana da shekara 16 ya isa Dublin, ya ce ma masu gidan wasan Gate shi babban ɗan wasa ne a Niyok, sunka ɗauke shi. Tun nan ake gane makaminsa na farko baki ne.

Amma mu tsaya ga 1936. Gwamnatin Amurka ta buɗe wani shiri don ba ƴan wasan kwaikwayo aiki lokacin da tattalin arziki ya karye. John Houseman ya kira Welles, ɗan shekara 20, ya shirya Macbeth a unguwar Harlem da ƴan wasa baƙaƙe zalla, wajen 150. Welles ya ɗauke labarin daga Sikotilan ya kai shi wani tsibiri mai kama da Haiti, mayun Shakespeare sunka koma bokaye. Anka buɗe ranar 14 ga Afrilu, gidan wasan Lafayette ya cika maƙil.

Kar a rage mai lada: ya ba baƙaƙe manyan matsayi a zamanin da galibi bara ko kuku ake sa su yi. Jack Carter ya zama Macbeth, Edna Thomas matarsa.

To amma a kasa kunne ga harshen wasan. Maganar sarauta da ta nadama duk Ingilishin Shakespeare ce. Afirka kuwa ta shigo ne ta ganga da surkulle, wato an ba ta amo, an hana ta magana. Wanda ya jagoranci makaɗan, Asadata Dafora na Saliyo, ba ɗan koyo ba ne: tun 1934 ya nuna nasa wasan, Kykunkor, a Niyok. Yau wa ke tuna shi in an ce Macbeth na Harlem? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin bai tsaya nan ba. A Citizen Kane na 1941 akwai alƙalamin Herman Mankiewicz da kamarar Gregg Toland. Welles da kansa ya sa sunan Toland tare da nasa a allo guda, amma masu yabo sunka haɗiye sauran.

Laifin ke nan ba na Welles kaɗai ba ne, har da mu masu sharhi da ke son gwarzo guda. In ƙungiyarmu ta lakkwal ta shirya wasa, a rubuta sunan mai kalangu a takardar sanarwa, kuma a bar shi ya yi magana bisa dandali.