Jinjina ga masu gane kan jirgin gawayi daga hoto

Titin dogo bai taɓa isa garin Araba da ke yankin Illela ba. A zamanin jirgin gawayi, fataken Illela da Birnin Ƙonni sai sun kai kayansu Ƙauran Namoda, inda layin da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tsaya a 1929. Yau waɗancan kawunan jirgi sun zama tarihi, akasarinsu sai a tsofaffin hotuna.

Shi ya sa masu bin diddigin waɗannan hotuna suka cancanci yabo. Aikinsu na haƙuri ne. Da farko sukan ƙirga ƙafafun kan jirgin: misali biyu a gaba, takwas masu ja, biyu a baya, wato 2-8-2. Sannan su duba bututun hayaƙi, da tukunyar ruwa, da lamba, da allon suna. Idan sunan kogi ne a jikinsa, to daga jerin River ya fito, irin waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa Najeriya a 1948. Faɗin layi ma shaida ne: babban layi ƙafa 3 da inci 6, na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 kuwa ƙafa 2 da inci 6.

Da wannan sani masu ƙera ƙananan jiragen kwaikwayo ke fitar da siffa daidai. Ƙungiyar Legacy 1995, mai kula da gidan tarihin Jaekel House a Ebute Metta, na cikin masu adana irin waɗannan hotuna.