Kitabul Farƙi da Tushen Doka

A cikin littattafan da a ke jinginawa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817) akwai wani ɗan ƙarami da a ke kira Kitabul Farƙi, watau littafin bambanci. Da Larabci aka rubuta shi, amma ɗalibin Hausa zai amfana da shi ƙwarai, gama cike ya ke da kalmomin Hausa na sarauta da na haraji, an saka su cikin Larabcin kamar yadda mutanen zamanin su ke faɗinsu. A shekarar 1960 Mervyn Hiskett ya buga shi a Landan tare da fassarar Ingilishi.

Nufin littafin shi ne ya rarrabe tsakanin mulkin Musulunci da mulkin sarakunan Haɓe. Amma wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga tambaya guda ce ya ke amsawa: in sarki ya ce a yi abu, mene ne ya ke wajabta wa talaka ya bi? Ga malaman mazhabar Maliki, wadda Shehu ya ke bi, faɗar sarki kaɗai ba ta isa ta zama doka ba. Sai ta sami gindi cikin Alƙur'ani, ko Sunna, ko ijma'i, watau abin da malamai suka haɗu a kansa, ko ƙiyasi, watau auna sabon al'amari da wanda an riga an san hukuncinsa.

Da wannan ma'auni ne littafin ya bi al'adun fada ɗaya bayan ɗaya. Ga jangali da a ke karɓa bisa shanu, da kuɗin gari. Ga tawasa, naman da a ke ɗebe wa mahauta a kasuwa. Ga kamuwa, watau a kama dabbar mutum a yi wa sarki dakon kaya ba da yardar mai ita ba. Ga gaisuwa, wadda sai ka ba da ita kafin a kai ka gaban mai iko. Ga kuma cin gadon wanda ya mutu a ƙasar. Har wa yau ya zargi sarakuna da mai da haddi tara, domin dukiyar mai laifi ta shiga aljihunsu, ya zargi alƙalai da cin hanci.

A nan ƙarfin littafin ya ke. Bai tsaya ga zagin zalunci a dunƙule ba, sai da ya kira kowane ɗaya da sunansa na kasuwa, yadda mahauci da makiyayi za su gane abin da a ke nufi. Kowane misali kuwa abu biyu ya ke nunawa: ba shi da tushe cikin Shari'a, kuma mai yin dokar shi ne mai cin ribarta. Sa'an nan ya kawo ginshiƙan mulki biyar: kada a ba da mulki ga mai nemansa, a riƙa shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata wa jama'a. Duba da kyau, kusan dukansu linzami ne ga mai mulki. Ashe a ganin marubucin, babban aikin doka shi ne ta tsare mara ƙarfi daga mai ƙarfi.

To, amma akwai inda ya kamata mai karatu ya yi hattara. Na fari, littafin maganar mai ƙara ce, ba mu ji ta bakin wanda a ke ƙara ba. Musulunci ya daɗe a fadar Haɓe. Tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) Shehu Maghili ya zo Kano, ya rubuta wa sarki nasiha bisa yadda a ke mulki da Shari'a. Shehu Laminu na Barno kuma, cikin wasiƙunsa ga Muhammadu Bello, ya yi gardama cewa saɓo daban, kafirci daban. Saboda haka iyakar da littafin ya shata ta fi ta zahiri kaifi.

Na biyu, bai ba al'ada haƙƙinta sosai ba. Malaman Malikiyya da kansu sun yarda a yi hukunci da al'adar gari muddin ba ta saɓa wa nassi ba. Littafin bai zauna ya nuna mana inda al'ada mai kyau ta ƙare, mummuna ta fara ba, ga shi kuwa yawancin rigimar gona da ta kiwo a ƙauye da al'ada a ke raba ta.

Na uku shi ne mafi nauyi. Littafin ya ɗauka in an gyara tushen doka, aikinta zai gyaru. Tarihi bai gaskata wannan duka ba. Tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga son duniya ya shiga jama'arsu, ya bar su ya nufi gabas a 1807, har ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami domin koya wa masu iko hukunci. Sarautun Haɓe irin su Galadima suka dawo. Jangali ya zauna, Turawa suka tarad da shi a 1903 suka ci gaba da karɓa, ba a soke shi a Jihar Kano ba sai zamanin Gwamna Abubakar Rimi, a 1979. Hausawa sun ce hali zanen dutse.

Duk da haka darajar littafin ba ta ragu ba. Ma'aunin da ya auna Haɓe da shi, shi ne aka auna magadan masu jihadi da shi daga baya, kuma da shi za a iya auna kowace majalisa mai kafa doka yau. Ɗalibin da ya iya kalmomin nan, jangali da gaisuwa da kamuwa, ya sami mabuɗin gane abin da Bahaushe ya ke nufi in ya ce an yi masa adalci, ko an ci zalinsa.