Kasuwa daban, rudu daban

Wanda ya tashi a kwarin Tarka ya san manomi kashi biyu yake yi wa albasarsa. Akwai wadda za a ɗura a buhu yau, babbar mota ta kwashe. Akwai wadda za a bari ta sha iska, a jera ta a rudu, ta jira damina lokacin da take daraja. Shekara shida ke nan ina rubuta labarai a waya daga nan Madawa, kuma na lura mu marubutan intanet mun ƙware a cin kasuwa, ajiya ce ta gagare mu.

Abin da ake yayi kowa ya san shi. Marubuciya ta buɗe guruf a WhatsApp, ta saki shafukan kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi ta ce saura sai an biya. 'Yan Najeriya su tura naira ta banki, mu na Nijar a ba mu lamba daban, mu aika dala ɗari ko jaka guda ta Nita ko katin waya. Ban raina wannan hanya ba, don na ci albarkacinta. Lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, sai littafi ya hau mota daga Kano, ya biyo ta Maradi ko Ƙonni, kafin ya zo hannun yayyenmu. Yau matar aure tana tsakar gida, kafin tuwo ya nuna shafinta ya kai Agadas.

Sai dai guruf kasuwar ɗanyen kaya ce. Kwana biyu in ba a ga sabon shafi ba, an fara cigiya, a na uku an koma wurin wata. Wannan gaggawa ke sa a ja labarin shafi arba'in ya kai ɗari, a saki rubutu ba a sake dubawa ba, kowa ya koma labaran gidajen attajiran Abuja saboda su ake saye. Ni ma na rubuta irinsu, kuma sun fi kawo mini kuɗi.

Amma in aka ce in ɗauki guda cikin abin da na rubuta, ba cikinsu zan ɗauka ba. Akwai labarin wata mata a ƙauyen Buza, mijinta ya tafi biɗa Abijan bai dawo ba, ta riƙe 'ya'ya huɗu da saƙar tabarmar kaba. Wata huɗu na yi ina rubuta shi da biro a kaye, ina sokewa ina sakewa. Na bar mutanen ciki su yi magana da bakinmu: tahiya, hwara, ɗiya. Da na sa shi a guruf, wasu suka ce Hausar ta yi musu tsauri, masu saye ba su taka kara sun karya ba.

Daga baya na karanta shi da murya na tura wa gwaggona, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ranar da na je gaishe ta, na tarar ta kafa wayar a jikin ƙwarya, hannunta na kan saƙa, maƙwabta biyu sun zauna a bakin tabarma. Ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, wagga mata ai na san ta. Ina kinka gane ta?" Tun daga ranar na daina auna dandali da yawan mabiya. Abin da nake tambaya shi ne ko zai kai labarin ga masu shi.

Tambaya ta biyu ita ce ajiya. Wattpad, da aka kafa a Kanada a 2006, yana jera babi bi da bi, amma sai da mega da rezo mai kyau, kuma kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 ba da shawararmu ba. OkadaBooks na Najeriya ya yi shekara goma yana sayar da littattafai, har da na Hausa, ya rufe a Nuwamban 2023. Ni kaina wayata ta taɓa mutuwa da littafi sukutum a ciki. Kwafin da na samu daga baya yana yawo ne a hannun mutane, an goge sunana. Kowane dandali rumfar aro ce, ranar da mai ita ya so zai kwashe.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaran da za su koyi karatu da ita za su nemi abin karantawa mai ƙamshin Adar da Gobir, kuma ba za su same shi a guruf ɗin da aka share ba. Don haka, 'yar'uwa marubuciya, ki ci kasuwarki a WhatsApp, halak ɗinki ne. Amma labarin da kika fi ji da shi, ki yi masa rudu na kanki. Nawa na kai an buga a takarda an ɗinke, kwafi uku. Guda yana cikin akwatin gwaggo, ƙarƙashin zannuwanta, jikokinta na karanta mata.