Goran Masunci

Gulbin Maraɗi ba ya kai shekara da ruwa. Yakan taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, ya ratsa Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Damina na wucewa sai ya yanke, ya bar tafkuna da kududdufai nan da can. Shi ya sa manomin yankin ya fi sabawa da kifi a kasuwa, busasshe ko soyayye. Ruwa irin na tafkunan nan, marar zurfi, mai laka da ciyawa, ba ko'ina yake karɓar kwalekwale ba. A nan goran duma yake nuna amfaninsa.

Masunci ba ya ɗaukar gora don girmansa kawai. Yana son wanda ya ƙosa a gona har yaɗon ya bushe, mai kaurin baya, wanda bai karkace ba. Zai ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kasa kunne. Lafiyayyen gora amonsa a cike yake, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe, ko da ido bai ga tsagar ba. Sai a yanka masa baki daidai shigar hannu da kifi, a zuba ruwa cikin ya ruɓe, a ƙwaƙule, a shanya a inuwa, don rana mai zafi fasa shi take yi.

Hawansa shi ne aikin. Mutum zai kifa ƙirji a kai, bakin goran na sama, yana tuƙi da ƙafafu, hannuwansa biyu na riƙe da homa. In ya zame gaba kaɗan goran ya juye, in ya ja baya ya suɓuce masa. Gwani kuwa tafiya yake kamar a tabarma yake kwance, ba fantsama, ba ƙarar da za ta kori kifi. Da ya ji motsi sai ya haɗe bakin homar biyu, ya ɗaga. In tarwaɗa ce ko ƙurungu, yakan karya ƙayar tukuna kafin ya jefa cikin goran. Kifi na ƙaruwa, goran na ƙara nutsewa, shi kuma yana gyara kwanciyarsa ba tare da ya tsaya ba. Wannan sai jiki ya koya tun ana yaro, a bayan uba ko wa.

A Argungu ne duniya ta fi ganin wannan gwaninta. Bikin kamun kifi na can ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta ke faɗawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa, kuma a 2005 an fito da kifi mai kilo 75. UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016.

A Amurka masu sha'awar fatsa suna zuba kuɗi mai yawa a kan tsofaffin sandunan kamun kifi, irin waɗanda Hiram Leonard ya fara ƙerawa wajajen 1870, kuma sunan maƙerin da ke jiki shi ke ɗaga farashi. Goranmu ba shi da sa hannun kowa. Darajarsa tana ga bayan da ƙirji ya goge har ya yi sheƙi, da ɗinkin da gyartai ya yi masa aka liƙe, ya sake komawa ruwa. Yanzu jarkar roba ta fara shiga wurinsa, ga araha, ga wuyar fashewa. Ba na zargin mai neman abinci da ya ɗauke ta. Amma jarka tana da kusurwa, tana ƙara, bakinta kuma ba ya cin kifi, sai an rataya wani abin daban na zubawa.